Tambaya da Amsa: 'Yar tsanar Kaka ta raba kan gida

TAMBAYA

Assalamu alaikum Anti, ya aiki, ya iyali? Ni matar aure ce a birnin Katsina, shekaruna 29. Kakata ta wajen uwa ce ta riƙe ni tun daga yaye har aka kai ni ɗaki. Allah ya yi mata rasuwa bayan Babbar Sallah, tana da shekara tamanin da 'yan kai. Da aka zo buɗe kayanta, sai aka tarar da 'yar tsanarta ta ƙuruciya a ƙasan wani tsohon adudu, ƙarƙashin zannuwa. Ni na san da ita, sauran ne ba su sani ba. Mahaifiyarta ce ta yi mata ita da ƙashin ƙafar ragon layya, aka mulmula kakin zuma aka yi kai, aka yi mata kitso da baƙin zare, aka ɗaura mata guntun saƙi. Ba ido, ba baki, ba hannu. A wuyanta akwai 'yan tsakiya da anini ɗaya mai huda, an rubuta 1944 a jikinsa. Ina ƙarama takan fito da ita ta ce, "Kishiya, kalli da ido, in na mutu taki ce." Bara ma ta sake faɗin haka a gaban ƙanwarta, wadda har yanzu tana raye.

'Ya'yanta uku ne: Kawu, da yayar mahaifiyata da muke kira Inna, sai mahaifiyata. Kawu ya ce gunki ne, mala'iku ba sa shiga gidan da yake, a ƙona shi, har yana cewa wa ya san abin da aka ƙulle a ciki. Inna ta ce kayan uwarta ne, jika ba ta da gado, ita za ta ɗauka ta ba 'yarta. Mahaifiyata ta ƙi cewa komai. Ana cikin gardamar na ɗauke ta na sa a jaka, yanzu tana wurina a ɗaure cikin leda, na zuba mata kafur. Anti, tawa ce ko ba tawa ba? Akwai zunubi a ajiye ta? Kuma yaya zan yi kada ta lalace?

Daga wata jika, Katsina

AMSA

Wa alaikumus salam 'yata. Allah ya jiƙan Hajiya, ya sa ta huta, ya ba ku haƙurin rashi.

Kafin ki ƙarasa karatun nan, tashi ki kwance ledar ki zubar da kafur ɗin. Dalili yana tafe. Rigimar gida za ta iya jira mako guda, leda kuwa a damina ba ta jira.

To, mu fara da Inna, domin rabin maganarta gaskiya ce. 'Yar 'ya mace ba ta cikin magada, ko da ita ta yi jinyar mamaciya har ta cika a hannunta. Abin da Hajiya ta bari, bayan an fitar da kuɗin jana'iza, an biya bashi, an zartar da wasiyya, kashi huɗu zai yi in babu miji ko iyaye a raye: biyu na Kawu, ɗaya na Inna, ɗaya na mahaifiyarki, kamar yadda aya ta 11 a Suratun Nisa'i ta tsara. Kuma gado ba gida da gona da zinare kaɗai ba ne. Tabarma, buta, ludayi, duk abin da ta mallaka ya shiga. Akwai wata ɗabi'a da mu mata muke da ita wadda ba na so ko kaɗan: kafin a kira malami an yi wa ɗakin mamaciya wasoso, wannan ta ɗauki zane wai na tunawa, waccan ta ɗauki kwalla, aka bar wa masu rabo gado da katifa. Haƙƙin mutane ake ci, wani lokaci har na marayu. Saboda haka ɗaukar da kika yi kika sa a jaka ba daidai ba ne, ko da kin tserar da ita daga ashana.

Rabin da Inna ta tsallake shi ne wasiyya. Rashin zamanki magajiya shi ne ma ya buɗe miki ƙofa, domin hadisi ya ce babu wasiyya ga magaji, wanda ba magaji ba kuwa ana yi masa wasiyya da abin da bai wuce sulusin dukiya ba. Da Inna ce Hajiya ta yi wa wannan alkawari, da sai sauran magada sun amince kafin ya zartu. Ki kuma gode wa Allah da yadda tsohuwa ta furta maganarta. A Risala ta Ibn Abi Zaid, wadda ake karantawa a zaurukanmu, kyauta ba ta cika sai an karɓe ta a hannu, in mai kyautar ya mutu kafin a karɓa ta koma gado. Da cewa ta yi "na ba ki" tana da lafiyarta, sannan ta mayar cikin adudunta har ta rasu, da kin yi asara. "In na mutu taki ce" wasiyya ce, ita kuwa sai bayan mutuwa ake karɓarta. Ƙashin rago da anini ɗaya kuma ba za su kusanci sulusin komai ba.

Inda gizo ke saƙar shi ne shaida. Tsohuwa ɗaya ce ta ji, shaidar mace ɗaya kuwa ba ta tsayar da dukiya a gaban alƙali. Amma wa zai tafi kotu a kan 'yar tsana? In magada uku sun gaskata ƙanwar uwarsu, magana ta ƙare. Ko ba su gaskata ba, aya ta 8 a wannan sura ta ce idan dangi da marayu da miskinai suka halarci rabo, a ba su wani abu daga ciki, a kuma faɗa musu magana mai daɗi. Ke dangi ce, kuma abin da kike roƙo bai kai kuɗin goro ba.

Ga abin da nake so ki yi. Ki ɗauki 'yar tsanar ki kai wa ƙaramar kakarki amana, ta zauna a wurinta har a yi rabo. Ta haka kin fita daga zargin sata, ita ma 'yar tsanar ta yi nisa da wuta, domin ba na jin Kawu zai shiga ɗakin ƙanwar uwarsa ya ƙwace abu. Daga nan ki je gidan Inna da ƙafarki, ki durƙusa ki ba ta haƙuri a kan ɗaukar da kika yi. Kada ki je mata da aya da hadisi. Ki duba abin da ke cin ta: mace ta kai shekarun da ta kai, sai ranar da aka buɗe adudu ta gane uwarta tana da abin da ta ɓoye mata duk rayuwarta ta nuna wa jika. Wannan yana da zafi, kuma ba ƙashin rago ba ne ke yi mata zafin. Shirun mahaifiyarki kuwa kunya ce, ba za ta tsaya wa 'yarta a gaban yayyenta ba. Kada ki matsa mata.

Sai Kawu. Shi ma ba daga iska ya ɗauko maganarsa ba. Hadisin da ya ce mala'iku ba sa shiga gidan da yake da kare ko sura ingantacce ne, yana cikin Buhari da Muslim. Amma a cikin waɗannan littattafai biyu ne Nana A'isha, Allah ya ƙara mata yarda, ta ba da labarin cewa tana wasa da 'yan tsana a gidan Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ƙawayenta suna zuwa su yi wasa tare, in ya shigo su ɓuya, shi kuma ya turo mata su. Abu Dawud ya ruwaito cewa ya dawo daga Tabuka ko Haibara, iska ta yaye labulen wurin ajiyarta, ya ga 'yan tsanarta, a tsakiyarsu da doki mai fukafukai biyu na ƙyalle. Ya tambaya, doki da fukafukai? Ta ce ashe bai ji cewa Annabi Sulaimanu yana da dawakai masu fukafukai ba? Ya yi dariya har haƙoransa na ciki suka bayyana. Bai ce a ƙona ba. Rubayyi'u 'yar Mu'awwizu ma ta ce suna yi wa yaransu abin wasa da ulu ranar azumin Ashura, in yaro ya yi kukan yunwa a miƙa masa har a sha ruwa. Da waɗannan ne malamai suka ware 'yan tsanar 'yan mata daga hanin sura.

Akwai malaman da suka ce wannan rangwame na yara ne, ke kuwa ba yarinya ba ce, Kawu zai iya kawo wannan. To amma a mazhabarmu ta Malikiyya surar da aka haramta ita ce ta abu mai rai, mai inuwa, mai cikakkun gaɓoɓi. Abin da kika siffanta mini ba shi da fuska, ba shi da hannu, ba shi da ƙafa. Ƙashi ne da aka ɗaura wa zane. Ƙashin ma na ragon da aka yanka ne, ba na mushe ba, saboda haka babu batun najasa. Iyayenmu na da sun san abin da suke yi da suka bar 'yan tsanarsu ba ido ba baki.

Zargin cewa an ƙulle wani abu a ciki, mai amsa shi tana nan da ranta. Wadda suka yi wasan tare, wataƙila har sun yi wa wannan 'yar tsana biki da 'yan tukwanen yumɓu, ita za ta faɗa. Ba sai an farke saƙin ba. Kuma akwai abin da Kawu bai lissafa ba: in gado ce, rabi kawai yake da shi a cikinta, in wasiyya ce ba shi da komai. Ta kowace fuska ba shi da ikon cinna mata wuta shi kaɗai. Abin da yake da iko a kai shi ne ya ce ba za ta kwana a gidansa ba, ya kuma yafe rabonsa. Amma ba ke za ki gaya masa haka ba. Malamin da zai raba gadon shi ya kamata a sanar tun kafin ranar, ya faɗa da bakinsa.

Wuri ɗaya na goyi bayan Kawu gaba ɗaya. Kada abin ya zama na neman tabarruki. Ba za ta kare gida ba, ba za ta sauƙaƙa naƙuda ba, ba a sa ta ƙarƙashin matashin yaro mai firgita. Na san yadda irin wannan ke farawa, jika ta ajiye don ƙauna, tattaɓa kunne ya tashi ya tarar ana cewa abin yana da sirri. Kada kuma ki girke ta a kabad mai gilashi a falo. Ki ajiye a rufe, ki fito da ita in akwai dalili.

Yanzu ga maganar leda. Abubuwa huɗu ne a jikin 'yar tsanar nan, kowanne da abokin gabansa. Ƙashi yana shan danshi da damina ya saki da hunturu, wannan kai da komo shi ke tsaga shi. Saƙi da zare abincin asu ne da kyankyaso da gara, rana kuma tana cinye shuni. Kakin zuma sai zafi ya haura digiri 60 kaɗan yake narkewa, amma yana yin laushi tun kafin nan, ya kama ƙura, ya canza siffa. Ɗakin kwano marar silin a Katsina cikin watan Afrilu, ko mota da aka rufe a rana, sun isa su lotsa mata kai. Aninin kuwa in ya jiƙe zai yi kore ya ɓata zaren da ke riƙe da shi. Leda tana kulle danshi a ciki, sai ki buɗe bayan wata biyu ki tarar da fumfuna. Adudun Hajiya ya yi shekaru yana aikin da ya dace saboda yana shan iska, zannuwan da ke kai kuma suna tare zafi da danshi.

Kafur kuwa ban yarda da shi ba a gidan da yara suke. Guba ne in yaro ya haɗiye, kuma ga shi kamar alewa. Akwai wani raunin jini da ake gado, likitoci suna kiransa ƙarancin G6PD, yana da yawa a cikin mutanenmu, jaririn da yake da shi ko kayan da suka sha kafur aka sa masa yana iya kamuwa da shawara mai tsanani. Ga shi tururinsa ba ya yi wa kaki daɗi.

Ki samo farin ƙyallen auduga da aka wanke aka ɗauraye sosai, ba sitaci ba turare, ki naɗe ta sako-sako. Ki sa a ƙaramin kwali mai tsabta, kwalin ki mayar cikin adudun in an bar miki shi, ko cikin akwati, a ɗora a kan wani abu nesa da ƙasa da jikin bango, a ɗakin da ya fi sanyi. 'Yan ƙullin nan masu shan danshi da ake samu a kwalin sabon takalmi, ki jefa biyu a gefe, kada su taɓa ta. Ki duba ta a farkon damina da ƙarshenta. In kin ga gari-gari a ƙasan ƙyallen, ƙwaro ya shiga, sai ki kakkaɓe da burushi mai laushi a inuwa, ki canza ƙyalle da kwali. Kada ki wanke ta, kada ki shafa mata mai, kada ki fesa mata maganin sauro. In kan ya ɓalle kada ki sa gam, ki naɗe guntun tare da ita, ma'aikatan gidan tarihi irin na Gidan Makama a Kano sun san yadda ake mayar da irin wannan. Aninin ma kada ki goge shi da toka ko lemon tsami don ya yi ƙyalli.

Tunda na ambaci aninin, ki ƙara dubansa da kyau. A gefe ɗaya za ki ga tauraro mai kusurwa shida da shekara, a ɗayan ga kambi da sunan Sarki Joji na Shida na Ingila da rubutun Larabci, babu hoton kowa. A kuɗin wancan zamani goma irinsa ke yin kobo ɗaya, kobo goma sha biyu sule, sule ashirin fam. An buga shi da yawan gaske, saboda haka in wani dillali ya zo yana cewa kuɗi ne mai tsada, ki sallame shi. Amfaninsa a wurinki shi ne shekarar. Ya nuna an rataya shi a 1944 ko bayanta, ana tsakiyar yaƙin Hitila ko an gama, kuma 1944 ita ce shekarar da Sarkin Katsina Muhammadu Dikko ya rasu, ɗansa Usman Nagogo ya gaje shi. Tsofaffi ba sa lissafi da lamba, da irin waɗannan suke yi. Ki tambayi ƙaramar kakarki ko ta ji ana cewa an yi 'yar tsanar kafin rasuwar Dikko ne ko bayanta.

Wannan tsohuwa ita ce abin da ya fi gaggawa a duk wasiƙarki, ta fi ledar ma. Ranar da za ki kai mata amanar, ki tafi da waya cike da caji ki naɗi muryarta. Wane suna aka sa wa 'yar tsanar? A wace unguwa suke? Wa ya saƙa zanen, wa ya ba da aninin, wace waƙa suke yi in suna goya ta? Me ya sa yayarta ta tafi da ita gidan miji ba ta bar wa ƙanne ba? Ki rubuta amsoshin a takarda da fensir, domin tawadar biro tana dushewa tana kuma zuba, ki sa sunan Hajiya da na mahaifiyarta da naki, ki ajiye a cikin kwalin. Ki tura wa Inna muryar kafin kowa. Sannan ki roƙi tsohuwar, in Allah ya kai mu layya mai zuwa, a ware ƙasusuwan ƙafa, a dafa a cire ɓargo a shanya, ta zaunar da ku ta nuna muku yadda ake yi. 'Yar Inna ta samu tata, 'ya'yanki su samu abin da za su goya su jefar, ta Hajiya ta zauna a kwalinta.

TAMBAYA

Salamu alaikum Hajiya. Kakana ya bar mini wata 'yar motar langa-langa mai jan fenti, irin wadda ake wanawa da makulli ta yi tafiya. Ya ce mahaifinsa ne ya sayo masa a kanti a Kano lokacin fataucin gyaɗa. Da hannunsa ya ba ni tun yana da rai. Ɗana mai shekara huɗu kullum sai ya yi kuka a kanta, uwarsa ta ce abin wasa ai don wasa aka yi shi. In ba shi? Kuma fentin ya fara ɓarewa, in kai a sake fesawa?

Daga wani magidanci, Damagaram

AMSA

Wa alaikumus salam ɗana. Taka babu gardamar gado, kyauta ce da aka karɓa a hannu.

Kada ka ba shi. Maiɗakinka tana da gaskiya cewa don wasa aka yi ta, amma fentin kayan wasa na wancan zamani sau da yawa akwai dalma a cikinsa, ja da rawaya sun fi. Amurka ma sai a 1978 ta hana irin wannan fenti a gidaje da kayan yara. Ɗan shekara huɗu komai baki yake kaiwa, fentin da ya fara ɓarewa kuwa shi ne mafi haɗari. Dalma tana taɓa ƙwaƙwalwar yaro ko da kaɗan ce, kuma ba ta nuna alama da wuri. Mun ga mafi muninta a Zamfara a 2010, inda ƙurar dutsen zinare mai dalma ta kashe yara fiye da 400. Mota ɗaya ba za ta yi wannan ɓarna ba, amma babu dalilin gwadawa. Ga kuma bakin langa-langa mai kaifi.

Sake fenti ma ban ba ka shawara ba. Mai fenti zai kankare tsohon, ƙurar ta tashi ya shaƙa, kai kuma a miƙo maka mota mai sheƙi wadda kakanka bai taɓa riƙewa ba. Ka goge ta da busasshen ƙyalle ka jefar da ƙyallen, ka ajiye ta inda babu danshi saboda tsatsa. In makullin yana tauri kada ka tilasta shi, tsohon ƙarfen da ke ciki yana karyewa. Ka kai wa mai gyaran agogo ya ɗiga mata man keken ɗinki.

Yaron kuwa, ranar Juma'a bayan an sauko ka shimfiɗa tabarma, ka wana ta da kanka sau biyu ko uku ya kalla, ka gaya masa ta wane ne, ka wanke hannu, ka mayar sama. Kukan zai ɗauki 'yan kwanaki. Ka samo kara ku zauna ku haɗa tasa motar, wadda in ya taka ta ba wanda zai yi masa faɗa.